Yadda zaka dasa shingen itatuwa siriri mai kore duk shekara a gidan da babu yalwar fili

Duk wanda gidansa bashi da yalwar fili yasan wannan damuwar. Kana so ka fito waje ka zauna ka sha iska kai da iyalinka amma ko ta ina ido ne, mai wucewa a titi yana hangoka, maƙwabci in ya buɗe tagarsa ta sama tsakar gidanka kaf yana kallonta. Ƙara tsawon katanga kuma ba kullum yake yiwuwa ba, wani wurin doka ce zata hana, wani wurin kuma in ka ɗaga bulon sai gidan ya toshe, ba iska ba haske, ga zafin da siminti yake sha da rana ya dinga sako maka shi da daddare. Shi yasa mutane da yawa suke komawa ga shingen itatuwa, irin waɗanda basa zubar da ganyensu gaba ɗaya, suna nan kore shar duk shekara.

Sai dai fa itace ba ruwansa da cewa filinka kaɗan ne. In ka dasa wanda halinsa faɗi ne to faɗinsa zai yi, bayan shekara 4 ko 5 ka tarar ya cinye maka mita 2 a filin da dududu bai wuce mita 5 ba. Abu biyu ne ke sa shinge ya zauna siriri, irin itacen da ka zaɓa tun ranar farko, da kuma almakashin da ka fara sa masa tun yana ƙarami. A nan biyun zan fi daɗewa, sauran matakan kuma zamu bisu ɗaya bayan ɗaya.

Ka fara da zama kafin siyayya

Kafin ka kashe ko sisi, ɗauko kujera ka ajiye a daidai inda kuka saba zama, ka zauna, ka duba daga ina ake ganinka. Ka samu wani ya riƙe maka doguwar sanda ko gora ya tsaya a layin da kake son shingen, yana ɗaga hannu a jikin sandar a hankali har sai hannun ya rufe maka tagar ko hanyar da ke damunka. Yi alama a wurin ka auna. Wannan shi ne tsawon da kake buƙata, ba wanda ka ƙiyasta a ka ba.

Zaka sha mamakin yadda nisa yake canza lissafin. Misali tagar maƙwabci tana sama da ƙasa da mita 5, tsakaninta da kujerarka mita 10, kai kuma a zaune idonka yana wajen mita 1.2. In ka dasa shingen can nesa, mita 8 daga inda kake zama, sai ya haura mita 4 kafin ya rufe tagar. Amma in ka matso dashi ya zama mita 2 kacal daga kujerar, tsawon mita 2 ya isa. Kaga kenan wani lokacin ba sai ka zagaye gidan duka ba, itatuwa 4 ko 5 a wurin da ya dace sun gama maka aikin. In kuma masu wucewa a ƙasa ne kawai damuwarka, mita 1.8 zuwa 2 ya wadatar, kuma wannan tsawon zaka iya aske shi da kanka ba tare da doguwar tsani ba, abin da zaka gode wa kanka a kansa duk shekara.

Sai faɗi. Auna daga jikin katanga ko iyaka zuwa inda kake iya sadaukarwa. In kana da santimita 80 zuwa mita 1, kana da zaɓi da yawa. In 60 ne, zai yiwu amma sai da aski akai akai. In bai kai 40 ba kam kada ka wahalar da kanka da itace, akwai wata dabara a ƙarshen rubutun nan.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa da wanda ke bayan katanga

Ka san inda bututun ruwa, wayar lantarki da ramin bahaya suke kafin diga ta taɓa ƙasa. Ka kuma tabbatar da ainihin iyakar filinka, ka dasa a cikin naka yadda ko shingen ya cika bazai leƙa na wani ba. Ni dai a ganina yi wa maƙwabci magana tun kafin ka fara ya fi komai sauƙi, domin inuwar shingen nan da ganyensa har gidansa zasu shiga, kuma in iyakar waya ce ba katanga ba to dole wata rana ka nemi izinin shiga ta wajensa kayi aski. Dokoki kuma sun bambanta daga gari zuwa gari, ka tambayi na wurinku. A Ingila da Wales misali akwai dokar 2003 da ta bai wa mutum damar kai ƙara wurin ƙaramar hukuma in shingen maƙwabcinsa mai kore ya wuce mita 2 yana tare masa haske.

Ka lura da rana ta kwana ɗaya cur, awa nawa take samun layin nan. Awa 6 zuwa sama rana ce cikakkiya, ƙasa da 4 inuwa ce, kuma yawancin itatuwan shinge a inuwa sirancewa suke suyi tsawo babu ganye a ƙasa.

Sai gwajin ruwa, wanda mutane ke tsallakewa alhali shi ne ke nuna ko shingen zai rayu. Haƙa rami mai zurfin santimita 30 zuwa 40, cika shi da ruwa ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. In na biyun ya tafi cikin 'yan awanni, madalla. In washegari ka dawo ka tarar da ruwa kwance, ƙasarka mai riƙe ruwa ce, saiwa zata ruɓe a ciki, sai dai ka ɗaga layin dashen ya zama kunya mai tudun santimita 20 zuwa 30 ko kayi wa ruwan hanyar fita. Gindin katanga kuma wuri ne mai wahala, sau da yawa magina sun binne ɓaraguzan bulo da ragowar siminti a wurin, ga katangar tana tare ruwan sama ta gefe ɗaya, saboda haka ko anyi ruwa zaka tona ka tarar da ƙasar a bushe.

Zaɓen itacen

Tambayar farko da kowa ke yi wa mai sayar da dashe ita ce wanne ne ya fi saurin girma. A ƙaramin fili wannan tambayar ce ke jefa mutum a wahala, domin itacen da yayi saurin kai mita 2 bazai tsaya a nan don ka gamsu ba, da wannan saurin zai ci gaba har ƙarshen rayuwarsa. Sauri ya haifi nawa. Babban misali shi ne Leyland, wani irin cypress (itace mai ƙananan ganye da ke kore duk shekara) da aka fara samu a Wales a 1888, yana iya ƙara kusan mita 1 a shekara kuma in an barshi yana wuce mita 20, rigimarsa tsakanin maƙwabta tana cikin abin da ya jawo waccan dokar da na ambata. Tambayar da ta dace ita ce, in ya gama girma faɗinsa nawa, kuma in na yanke shi har cikin tsohon reshe yana sake toho ko a'a.

In inda kake ana sanyi sosai har da ƙanƙara, wanda aka fi dasawa shi ne Thuja irin da ake kira Smaragd. Shi da kansa yake tashi siriri, tsawo mita 3 zuwa 4, faɗi wajen mita 1, a hankali yake girma kuma baya son fari ko zafi mai tsanani. Akwai Taxus, wanda a wurina babu kamarsa wajen karɓar aski, yana jure inuwa, zaka iya riƙe shi a faɗin santimita 50 ko 60 shekara da shekaru, ko ka yanke shi har kututture zai sake fitowa. Amma yana da guba, ganye da ƙwallon cikin 'ya'yan duka, ga mutum da dabba, kuma baya shiri da ƙasa mai kwanciyar ruwa ko kaɗan. Akwai kuma Ilex crenata irin Sky Pencil, shi ma a miƙe yake tashi, sai dai baya son ƙasar da siminti ya gauraya da ita, ganyensa rawaya yake yi.

In wurin mai rana ne da bushewa da ɗan sanyi kaɗan, cypress na Italiya yana tashi tsaye siriri kuma yana jure ƙishi in ya kafu, amma tsawo yake yi sosai, sai ka dinga datse kansa.

In kuma ƙasar zafi ce, Podocarpus macrophyllus, ɗan asalin Sin da Japan, yana cikin mafi dacewa, ganyensa sirara ne masu duhun kore, yana karɓar aski, saiwarsa bata cika ɓarna ba, laifinsa kawai jinkiri. Murraya paniculata dangin lemu ce, ganye ƙanana masu sheƙi, fararen furanni masu ƙamshi, tana yin shinge mai kauri na mita 2 zuwa 3 in ana askinta, sai dai tana ɗaukar wani ƙwaro da ke yaɗa cutar lemu, shi yasa wasu wuraren da ake noman lemu suka sa mata takunkumi, ka bincika. Polyalthia longifolia kuma, wannan doguwar bishiyar 'yar asalin Indiya da Sirilanka mai rassa a sunkuye, ita ce maganin tagar bene domin tana haura mita 10 ba tare da tayi faɗi sosai ba, amma ba ta haɗewa ta zama bango ɗaya kamar sauran, ana samun 'yan kafofi tsakani musamman ta sama.

Waɗanda zan ce ka yi nesa dasu a ƙaramin fili: Ficus, dangin ceɗiya da durumi, ko da kuwa ka ganshi yayi kyau a wani gidan, saiwarsa tana bin ruwa har cikin bututu tana ɗaga daɓe. Gora mai yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa irin Phyllostachys, wadda zata ɓullo a gidan maƙwabci ba sallama. In gora kake so ka nemi mai tsayawa a dunƙule wuri ɗaya, Bambusa multiplex a wurin zafi ko Fargesia a wurin sanyi, ka kuma shirya wa shara don tana zubar da busasshen ganye. Duranta tana da kyau da sauri amma 'ya'yanta masu ruwan lemu guba ne, in akwai yara ƙanana a gidan ni bazan dasa ta ba.

Hanya mafi sauƙi ta tantancewa, ka zaga unguwarku ka ga wane shinge ne ya tsufa kuma har yanzu yana da ganye tun daga ƙasa. Wanda ya rayu shekara 10 a ƙasa da yanayi irin naka ya fi duk wanda ka gani a hoto a intanet.

Wajen siya

Kada ka ruɗu da manya. Dashe mai tsawon santimita 60 zuwa 90 ya fi saurin kama ƙasa akan wanda ya kai mita 2 a tukunya, domin babban ganyensa ya fi ƙarfin saiwarsa, sai ya shekara yana jinya a wuri ɗaya ƙaramin kuma yana ta tafiya, sau da yawa cikin 'yan shekaru ya kamo shi. Ka zaɓi masu rassa tun daga gindi, kai ɗaya, iri ɗaya.

Ka roƙi mai sayarwa ya zare maka ɗaya daga leda ko tukunya ka ga saiwar da idonka. Mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa mai haske, ta ratsa ƙasar ko ina, ka shinshina kaji ƙamshin ƙasa. In ka ga baƙa ce tana lugub tana wari, ajiye. In kuma ka ga ta naɗe tana zagaye kamar gammo har babu sauran ƙasa, itacen ya daɗe a tukunyar, in da wani ka ɗauki wani.

Lissafin adadi ba wuya. Ga yawancin waɗannan, tazarar santimita 60 zuwa 90 tsakanin gindi da gindi, ƙananan masu jinkiri kamar Taxus da Murraya 50 zuwa 60, Polyalthia mita 1 ko fiye. Layin mita 9 a tazarar 60 zai ci guda 15, ka fara na farko santimita 30 daga ƙarshen layin. Layi ɗaya tak zaka yi, layi biyu na masu fili ne. Ka ƙaro 2 ko 3 ka ajiye a manyan tukwane kana basu ruwa, ranar da ɗaya ya mutu a tsakiya zaka samu sa'ansa da zai maye gurbin. Kuma kada ka matse su fiye da haka don son su haɗe da wuri, zasu yi ta kokawar ruwa da haske ne ƙasansu ya bushe.

Haƙa da dasawa

Lokacin da ya fi shi ne sanda ƙasa ke da danshi rana kuma bata da zafi, farkon damina a inda ake rani da damina, ko bayan zafi ya wuce kafin ƙasa ta daskare a ƙasashen sanyi, ko da zarar sanyin ya sauka. Da yamma ko ranar da hadari ya rufe rana.

Kafa turke biyu ka ɗaure igiya, a ƙalla santimita 45 zuwa 60 daga katanga. Nasan zuciya zata ce ka manna su da bango don ka ci fili, daure kada kayi, saiwa na buƙatar wuri, iska na buƙatar wucewa ta baya, kai ma hannunka na buƙatar shiga. Maimakon ramuka ɗaiɗai ka haƙa dogon rami guda bisa layin, faɗin wajen santimita 60, zurfinsa daidai tsawon ƙasar da ke cikin ledar, kada ya wuce. Tsince duwatsu da ɓaraguzai da saiwar ciyawa. In gefen ramin yayi santsi saboda laka, caccake shi da fatanya don saiwa ta samu wurin kutsawa. Ƙasar da ka fitar ka gauraya ta da takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai, kamar kashi 1 na taki cikin 3 ko 4 na ƙasa. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, haka takin zamani in ya taɓa ta kai tsaye, kada ka zuba shi a ramin.

Jiƙa dashen sosai tun suna cikin leda, awa ɗaya kafin ka fara. Yanka ledar ka cire ta gaba ɗaya, in saiwar ta fara zagaye ka warware ta da yatsu, in ta ƙi ka tsaga gefen da wuƙa wuri 3 ko 4 daga sama zuwa ƙasa.

Yanzu ga wurin da shinge da yawa suke mutuwa ba a sani ba, zurfi. Share ƙasar saman da yatsa har ka ga inda gindin ya fara buɗewa saiwar farko ta fita. Wannan wurin shi ne zai zauna daidai da fuskar ƙasa, ko ya ɗan ɗara ta da kaɗan. Ɗora sandar shebur a gicciye bisa ramin ka gwada. In ka binne gindin da ko santimita 8 ne, ɓawon zai zauna cikin danshi yana ruɓewa a hankali, itacen bazai mutu yau ba, sai bayan shekara ɗaya ko biyu ka ga yana ta ƙanƙancewa ka rasa dalili.

Jera su duka a ramin tukuna, ka koma ƙarshen layin ka tsuguna ka hango ko sun miƙe, ka juya kowanne gefensa mai yawan ganye ya kalli cikin gida. Sannan ka mayar da ƙasa rabi, ka zuba ruwa ya zauna, ka cika sauran ka danna da tafin ƙafa a hankali, ba kirɓawa ba. Yi ɗan kewaye da ƙasa a bakin layin don ruwa ya tsaya, ka basu ruwa har ya ƙoshi ko da ana sa ran ruwan sama a daren.

Ban ruwa da abin rufe gindi

Shekara 2 na farko ruwa ne komai. Bokiti ɗaya na lita 10 ga kowane gindi, sau 2 ko 3 a sati a watannin farko, in ƙasar yashi ce ana kuma zafi to kusan kullum a sati biyun farko. Yayyafi sama sama kullum bashi da amfani, yana koya wa saiwa zama a sama ne, gara ka shayar sosai ka bari ya ɗan sha iska. Ka riƙa tura yatsa a cikin ainihin dunƙulen ƙasar da itacen yazo da ita, ba ta gefe ba, domin ita tafi saurin bushewa, zaka iya ganin gefen a jiƙe alhali tsakiyar ta bushe ƙamas. In da hali ka shimfiɗa tiyo mai ɗigo a gindin layin, ya fi komai dacewa da shinge, ruwan yana tafiya ƙasa kai tsaye baya jiƙa ganye. Kuma ka sani ganyen wanda ruwa yayi wa yawa da na wanda ƙishi ya kama kusan iri ɗaya suke yin laushi, yatsan ne zai raba maka gardama.

Rufe layin da busasshen ganye, ɓawon itace ko ruɓaɓɓen taki, kaurin santimita 5 zuwa 8, amma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gindin. In wurinku akwai gara, ka guji ɗanyen katako, kayi amfani da takin da ya ruɓe ko tsakuwa. Ciyawa kada ka barta ta matso, tana kwashe ruwan kafin ya kai ƙasa. Takin zamani sai sun nuna sabon toho, ɗan kaɗan a farkon lokacin girma, a barbaɗa nesa da gindi a bi da ruwa. Yawan taki yawan aski ne kawai zai jawo maka.

Aski

Mutane suna jin tausayin yanka ƙaramin itace, suce bari ya kai tsawon tukuna. In ka jira, abin da zaka samu shi ne dogayen ƙafafu tsirara da tulin ganye a sama, ana hango ka ta ƙasa, kuma gyaran wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Masu faɗin ganye irin Murraya, bayan sun kama ƙasa ka rage musu kamar kashi 1 cikin 3 na tsawonsu. Zaka ji zafin yin haka amma duk inda ka yanke rassa 2 ko 3 ne zasu fito a ƙasansa, kaurin shinge daga nan yake farawa. Daga nan duk sanda sabon toho ya kai kamar tsawon hannu, ka datse rabinsa, sama da gefe, shingen yana hawa mataki mataki a cike.

Su Thuja da cypress da Podocarpus dabam ne. Kada ka taɓa kan reshen tsakiya mai tashi sama har sai ya kai inda kake so, gefe kawai zaka riƙa shafta kaɗan kaɗan tun shekarar farko. In kan ya kai, ka yanke shi kamar santimita 15 ƙasa da tsawon da kake nufi, sabon tohon da zai fito ya rufe yankan ya cike gurbin. Sai doka ɗaya da babu sassauci a cikinta ga Thuja da cypress da Leyland: kada almakashi ya wuce inda kore yake. Buɗa rassan da hannu ka leƙa, zaka ga koren a waje ne kawai, 'yan santimita, ciki duk busassun rassa ne ruwan ƙasa. In ka yanka har cikin nan, wurin bazai sake toho ba, ramin ya zauna kenan. Ma'anar wannan ita ce in ka bari Thuja tayi faɗin mita 1.5 babu yadda zaka dawo da ita 70, dole ka riƙe ta tun bata kai ba. Taxus da yawancin masu faɗin ganye su suna yafiya, ko sun fi ƙarfinka zaka iya yanke su sosai, gefe ɗaya bana ɗaya gefen baɗi.

Siffar kuma, ƙasa ya fi sama faɗi. In gindin santimita 60 ne, saman ya zama 40. Dalili haske ne, shinge da kansa yana son ya buɗe ta sama, in ka barshi saman zai yi wa ƙasan inuwa ganyen ƙasa ya zube. Ido yana yaudara a nan, musamman in kana tsaye dab da shingen, saboda haka ka haɗa katako sirara guda 3 a wannan siffar ka riƙa jingina shi kana bi, ka ja igiya a sama don layin ya miƙe. Fara daga ƙasa kayi sama, abin da ka yanke ya faɗo ba tare da ya maƙale a inda baka kai ba, in ka gama ka kakkaɓe wanda ya kwanta a kai.

Masu jinkiri sau 1 ko 2 a shekara ya ishe su, masu sauri a ƙasar zafi sai ka yi duk wata ɗaya ko biyu lokacin ruwa. Kowane aski ka yanka kusa da inda ka tsaya a na baya, in kana barin ƙarin santimita 5 kowane karo, lissafa ka ga inda zaka kai a shekara 5. Kada ka yi aski da tsakar rana mai zafi ko lokacin da itacen ke jin ƙishi, ganyen cikin da ka tone bai saba da rana ba zai ƙone. A wurin sanyi ka tsaya da wuri don sabon toho ya ƙosa kafin ƙanƙara. Almakashi ya zama mai kaifi, ka goge shi in ka taɓa reshe mai cuta, kuma ka leƙa ciki kafin ka fara, in tsuntsu yayi sheƙa da ƙwai ko 'ya'ya ka ɗaga masa ƙafa har su tashi.

In ka ga ya fara canza launi

Ba kowane ja ne cuta ba. Thuja da danginta suna zubar da tsohon ganyen ciki lokaci lokaci, in bakin rassan kore ne ka kwantar da hankalinka. In ganyen yayi fari fari kamar ƙura ta hau shi lokacin zafi da bushewa, riƙe farar takarda a ƙarƙashin reshe ka girgiza, in ka ga ƙananan ɗige ɗige suna motsi ƙwari ne masu tsotsar ganye, fesa ruwa mai ƙarfi ta ƙarƙashin ganyen sau da yawa yana rage su. In ƙasan gefe ɗaya ne kawai ya ƙone a daidai tsawon gwiwa, ka duba ko kare ne ke fitsari a wurin. In kuma itace guda ya bushe gaba ɗaya daga ƙasa zuwa sama alhali ƙasar a jiƙe take, kankare ɓawon gindin da farce, ka ga ciki ruwan ƙasa maimakon kore to saiwa ce ta ruɓe, cire shi da ƙasar da ke kewaye dashi, gyara hanyar ruwan tukuna kafin ka sa ɗaya daga cikin na ajiyarka, ka kuma ɗan rage rassan na kusa dashi don sabon ya samu haske.

In filin bai kai ba

Wanda faɗin da yake dashi bai kai santimita 40 ba, ka kafa ƙarafa ko katako masu ƙarfi ka ja waya ko raga mai tsawon mita 2, ka dasa tsiro mai hawa wanda baya zubar da ganye. Trachelospermum jasminoides yana yin wannan aikin da kyau a inda sanyi bai yi tsanani ba, tazarar mita 1 tsakani, ka riƙa kwantar da rassan a gicciye tun daga layin wayar ƙasa kana ɗaurewa, in ba haka ba duk zasu gudu sama su bar ƙasan a buɗe. In kuma tsakar gidan duk daɓe ne babu ƙasa, dogayen tukwane masu zurfi da faɗin a ƙalla santimita 50 da ƙofofin fitar ruwa zasu ɗauki Podocarpus ko gora mai dunƙule, tsawon tukunyar ma ƙari ne akan tsawon shingen. Sai dai na tukunya ruwansa da takinsa duk a hannunka suke, lokacin zafi kullum ne, kuma duk shekara 2 ko 3 sai ka kwashe ƙasar saman ka zuba sabuwa.